Me ya sa garkuwar hanji ta bambanta da ta jini?

Ɗalibar Jinya:

Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. A makon jiya da muka fita ɗigon rigakafin shan inna, wata uwa ta tsaya a zaure riƙe da ɗanta, ta tambaye ni dalilin da zai sa a sake ɗiga masa magani a baki alhali an riga an yi masa allura a cinya. Na ba ta amsar da ta sawwaƙa, amma ni kaina ban gamsu ba. Malaminmu ya taɓa cewa ginin sinadarin garkuwar da ke cikin hanji daban yake da na jini. Ina roƙon masana su fayyace mini wannan bambanci da yadda ya shafi kamuwa da cuta.

Masanin Ɗakin Gwaji:

Wa alaikumus salam, Malama. Malaminku ya faɗi gaskiya. Sinadarin garkuwar da ya fi yawa a jini shi ne IgG, kuma siffarsa kamar gwafa take, da hannu biyu masu cafke ƙwayar cuta. Wanda ya fi yawa a yawu da hawaye da majina da nonon uwa da cikin hanji kuwa IgA ne, kuma a waɗannan wurare ba ya zuwa shi kaɗai: gwafa biyu ne aka haɗa ta gindi da wani ɗan ƙaramin furotin da ake kira sarƙar J, saboda haka hannuwansa huɗu ne.

A ƙarƙashin tantanin hanji ake ƙera shi, sai wani furotin mai suna pIgR ya ɗauke shi ya ratsa da shi ta cikin tantanin zuwa ramin hanji. Da isarsu sai ɗan dakon ya tsinke, babban ɓangarensa ya zauna nannaɗe a jikin IgA tamkar riga. Wannan riga, wadda ke lulluɓe da sinadaran sukari, ita ce ke kare shi daga ruwan narka abinci, ta kuma taimaka masa ya maƙale a cikin majinar hanji. Tun a shekarun 1960 Thomas Tomasi da abokan aikinsa a Amurka suka gano wannan nau'i, amma sai a 2020 aka ga zubinsa filla-filla da madubin ilektiron a kan daskararren samfuri, aka tarar cewa gwafa biyun ba a miƙe suke ba, a ɗan tanƙware suke. Jikin baligi na zuba kimanin giram 3 zuwa 5 na IgA a hanji kowace rana.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake aiki ba tare da tayar da kumburi ba. Yana dunƙule ƙwayoyin cuta wuri guda, ya hana su manne wa tantani, har su fice da bayan gida. Allurar shan inna, wadda Najeriya ta shigar cikin rigakafin yau da kullum a 2015, tana cika jini da IgG mai hana ƙwayar kaiwa ga laka, amma kariyar da take bai wa hanji ba ta da ƙarfi. Ɗigon baki kuwa ƙwaya ce da aka raunana, tana hayayyafa a hanji ta tayar da IgA a can, don haka yiwuwar yaron ya yaɗa cutar ga yaran unguwa tana raguwa sosai.

Likitan Yara:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai zan ƙara cewa wasu ƙwayoyin sun san lagon wannan sinadari. IgA na ɗan Adam iri biyu ne. IgA1 yana da doguwar gaɓa tsakanin hannuwa da gindi, wadda ke ba shi damar miƙa hannu nesa, kuma shi ya fi yawa a hanci da maƙogwaro; IgA2 gaɓarsa gajera ce, kuma ya fi rinjaye a babban hanji. Bakteriyar da ke haddasa sanƙarau, Neisseria meningitidis, tana fitar da wani sinadari mai datse IgA1 daidai wannan doguwar gaɓa, haka ma Streptococcus pneumoniae mai jawo ciwon huhu. Idan aka datse shi, guntayen hannuwan suna nan manne da ƙwayar amma sun rasa ikon dunƙule ta. Duk wanda ya ga ɗakin jinya cike da yara masu sanƙararren wuya a lokacin zafin bazara zai gane cewa abin da ke faruwa a maƙogwaro ba ƙaramin lamari ba ne, domin a nan ƙwayar ke fara zama kafin ta shiga jini.

Ungozoma:

'Yata, ki haɗa da batun dakashi idan za ki yi wa iyaye mata bayani. IgG yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, amma IgA ba ya ratsawa, ta nono jariri ke samunsa, kuma dakashi ya fi sauran nono yawansa nesa ba kusa ba. Ƙwayoyin garkuwar da suka gamu da cututtuka a hanjin uwa suna ƙaura zuwa mama, su zuba IgA da ya dace da cututtukan muhallin da take zaune. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an tatse wannan ruwa mai kauri, mai launin ɗorawa, an zubar a ƙasa da sunan ƙazanta.

Ɗalibar Jinya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Likita, saura abu ɗaya: me ya sa ake maimaita ɗigon sau da yawa?

Likitan Yara:

Saboda a wuraren da gudawa ta yi yawa, ɗigo ɗaya ba lalle ne ya kama ba, Malama, domin wasu ƙwayoyin da ke hanjin yaron kan hana ta rigakafin samun wurin zama, kuma garkuwar hanji tana raguwa da tafiyar lokaci. Da irin wannan maimaici aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, lokacin da aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, shekara huɗu bayan ganinta na ƙarshe a jihar Borno.