Digiri na biyu kan manufofin gwamnati daga nan Makka, zai yiwu?

Ɗan Misfala:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara takwas ke nan ina aiki da wani kamfanin hidimar alhazai. Duk shekara da idona nake ganin yadda shawarar da aka yanke a ofis take sauka a kan tsohuwa a Mina: rabon kujeru, wa'adin biyan kuɗi, nisan tanti da Jamrat. A 2023 kujera 95,000 aka ba Najeriya, kuma kowace kujera mutum ce da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru. Ina so in san yadda ake tsara irin waɗannan manufofi tun daga tushe, ba kullum ina gyaran ɓarna a ƙarshe ba. Digirina na farko a Khartoum na yi shi, da Larabci. Barin aiki ba zai yiwu ba, iƙamata, wato takardar izinin zamana a nan, na kan kamfani, ga iyali. Akwai wanda ya yi digiri na biyu a wannan fanni ta intanet?

Maman Hanan, Jidda:
Wa alaikumus salam Malam. Na yi a SOAS ta Jami'ar Landan, ban taka Ingila ba. Darasi ɗaya nake biya, in gama, in tara na gaba, don fam ba riyal ba ne. Abin da zan faɗa maka tsakani da Allah: fannin nan ba surutun siyasa ba ne. Akwai tattalin arziki, akwai kasafin kuɗi, akwai ƙididdiga, sai ka iya karanta tebur ka faɗi ko shiri ya yi amfani ko kuɗi kawai aka zubar. Nan na fi shan wuya, har mai gidana ya riƙa zama da ni bayan Isha. Tunda da Larabci ka yi karatu, fara shirin jarrabawar IELTS, ta gwajin iya Turanci, tun yanzu. Kuma kar ka kuskura ka ɗauki darasi daga Zulƙida zuwa Muharram, kai ka fi ni sanin dalili.

Baƙon Madina:
Ɗan uwa, duba gida tukuna. NOUN, jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, na da digiri na biyu a fannin gudanar da aikin gwamnati, da naira za ka biya. Ba daidai yake da abin da Hajiya ta karanta ba, ya fi karkata ga tafiyar da ma'aikata, amma in ka zo rubutun kammalawa kana iya ɗaukar aikin Hajji. A lokacina sai da na je Kano na zauna jarrabawa, na haɗa da hutuna na shekara. Za su nemi takardar bautar ƙasa ta NYSC ko ta yafewa. Kana da ita?

Ɗan Misfala:
Allah Ya saka da alheri. Ba ni da ita, daga Khartoum kai tsaye na wuto nan. Takardar sakamakona kuwa tana hannuna, na karɓa kafin yaƙin Sudan na Afrilun 2023, alhamdulillahi. Hajiya, awa nawa kike ba karatun a mako? Juma'a da Asabar kaɗai nake da su, su ma ba a lokacin Umrar Ramadan ba.

Maman Hanan, Jidda:
Kwana biyu ba za su ishe ka ba Malam. Ni kullum bayan Asuba nake zama awa biyu kafin yara su tashi, Asabar kuma ta rubutu ce. Ka gwada haka wata guda da littafin tattalin arziki na Turanci kafin ka biya ko riyal ɗaya.