Muhawara: Littafi mai bugun alfarma a Legas, ajiya ce ko zubar da kuɗi?

Malam Nafi'u, Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Wannan yayin da ake yi, mutum ya karanta labari ya ji daɗinsa, sai ya koma ya sayo shi a bugu mai tsada, bangon yadi ko na fata, ruwan zinari a gefen shafuka, har da kwalin da ake zura shi, ni dai a Legas zubar da kuɗi na ɗauke shi. Da Kano ne ko Katsina da ban ce uffan ba. Amma nan laimar iska takan kai kashi 80 cikin 100 har ta wuce a damina, alhali masu adana littattafai sun fi son ta tsaya tsakanin 35 da 55. Da ta haura 65 zuwa 70 ta yi kwanaki a haka, fumfuna ta samu gida. Kuma abin da fumfuna da kyankyaso suka fi so shi ne ainihin abin da ya sa littafin tsada: sitacin da ke jikin yadin bango, da gam, da fata. Ka sayi mai araha ka karanta, in ya lalace ka sake wani.

Hajiya Rabi, Surulere:
Wa alaikumussalam. Malam, alƙalumanka daidai ne, hukuncin ne ban yarda da shi ba. Mai arahar ai shi ya fi saurin mutuwa. Ku ɗauko littafi ku dubi ƙashin bayansa ta sama. In kun ga takardun a ninke, ɗauri-ɗauri, kowane ɗauri shafi 16 ko 32, kuma da kun buɗe tsakiyar ɗaurin kun ga zare, to ɗinkakke ne. In kuwa kun ga takardu a jere fal-fal da layin gam a bayansu, wannan yanke bayan aka yi aka manna. Gam ɗin da ake narkawa da zafi yana bushewa ya tsage, shafuka su fara zubowa ɗaya-ɗaya. Zare ba ya haka. Ko bangon ɗinkakke ya lalace, cikinsa yana nan, a yi masa sabon bango a ci gaba.

Sai takarda. Ta masu araha daga niƙaƙƙen itace ake yinta ba a cire sinadarin da ke sa ta ja ba, shi ya sa take komawa kalar shayi ta riƙa karyewa, kuma zafi da laima suna gaggauta hakan. Bugu mai kyau takardarsa ba ta da asid, wani lokaci za ku ga alamar nan mai kama da 8 a kwance a shafin bayanan ɗab'i, ko an rubuta ISO 9706, wato lambar ma'aunin duniya na takarda mai ɗorewa.

Malam Nafi'u, Agege:
Hajiya, fumfuna ba ta karanta ISO.

Hajiya Rabi, Surulere:
Ba ta karanta farashi ma. Duka biyun take ci. Tambayar ita ce wanne ke saura bayan an goge ta.

Baba Ɗanlami, Shomolu:
'Ya'yana, ku bari mai tawada a hannu ya sa baki. Kowannenku ya riƙe rabin gaskiya, domin kalmar "alfarma" ɗin nan 'yan kasuwa sun lalata ta. Da yawa daga cikin abin da ake sayarwa da bango mai ƙarfi da fenti a gefen shafi, cikinsa gam ne zalla irin na mai araha. Har ɗan kyallen nan mai launi da ke saman ƙashin baya mannawa kawai ake yi don ido, ba ya riƙe komai. A kan irin waɗannan Nafi'u ya yi gaskiya, kwalliya aka sayar maka. Ga kuma nauyi: littafi mai shafi 700 a takarda mai kauri, in gam ne ke riƙe da shi, a tsaye a kanta cikinsa zai riƙa zamewa ƙasa har mahaɗin bango ya yage.

Fata ma kashi-kashi ce. Akwai wadda garin fata ne aka kwaɓa da roba aka matse aka yi mata zane. Wannan a zafinmu saɓulewa take yi kamar fatar tsohuwar kujerar ofis, kuma ba ta da magani. Gara yadi mai kauri sau goma.

Abu na uku da mai saye ba ya dubawa shi ne kwanciyar takarda. Kowace takardar inji tana da gefen da zarurrukanta suka kwanta. Daidai shi ne su bi tsawon ƙashin baya. In an buga a gicciye don a rage asarar takarda, da ta sha laima sai ta yi tudu da kwari, littafin ya ƙi rufuwa. Gwajin ba wuya: buɗe shi a tebur. In shafuka sun kwanta lif, lafiya. In sun miƙe suna turjiya kamar fifike, a gicciye aka buga.

Maryam, Yaba:
Baba mun gode. Wato ke nan sunan kamfani ba ya wadatarwa? Na san Folio Society, da aka kafa a Landan a 1947, ɗinkakku suke yi da zane-zane da kwali, su ma Everyman's Library masu bangon yadi ɗinki ne da takarda marar asid.

Baba Ɗanlami, Shomolu:
Suna yana taimakawa, 'yata, amma ido ya fi. Musamman nan da ake kwaikwayon bugu. Na kwaikwayo baƙaƙensa sun ɗan yi kauri sun dushe, don hoton shafi aka ɗauka, rubutun bayan shafi yana hangowa ta gaba, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi.

Injiniya Bashir, Ikeja:
Ni ina gefen Malam Nafi'u, amma dalilina daban. Littafin zai iya rayuwa, sai dai a lissafa kuɗin rayar da shi. Na'urar tsotse laima ko iyakwandishan suna aiki ne in wuta ta tsaya. In ana kunnawa ana kashewa, takarda ta sha ta saki, ta sha ta saki, wannan kai-komon ya fi laima tsayayyiya lanƙwasa bango. Mafi muni, ɗaki ya yi sanyi ƙalau, a ɗauke wuta, a buɗe taga: iska mai ɗumi ta shigo ta sauka a kan abu mai sanyi ta zama raɓa. Wanda ba shi da sola ko inbata da zai riƙe na'ura, ya san abin da ya saya.

Hajiya Rabi, Surulere:
Injiniya, wa ya ce sai an busar da ɗaki duka? Littattafan alfarmar mutum nawa ne, goma, ashirin? Akwati ake busarwa. A samu akwatin roba mai murfi da ke da robar toshe iska, a sa ƙaramar na'urar auna laima mai batir a ciki, irin da ake gani ta jikin roba, sai silika jel, ƙwayoyin nan masu tsotse laima. Ba 'yan ƙullin da ke zuwa cikin kwalin takalmi ba, waɗannan sun riga sun ƙoshi. A sayi na awo, kamar rabin kilo ga matsakaicin akwati, mai canza launi: ruwan lemo yana komawa kore, shuɗi yana komawa ruwan hoda. Iyakarsa ya sha kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. In ya canza a baza shi a faranti a sa a oben, digiri 110 zuwa 120, awa biyu zuwa uku, ya huce a rufe, a mayar.

Kuskuren da ake yi shi ne rufe littafin da ya riga ya sha laima. Takarda da kanta tana riƙe ruwa, don haka makon farko jel ɗin zai ƙoshi da wuri, sai an gasa shi sau biyu ko uku kafin na'urar ta zauna wajen 50. Wanda ya naɗe littafi a leda a watan Yuni ba jel, ya rufe ɓarawo ne a cikin ɗaki. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne Disamba zuwa Janairu, da ɗan hunturun da ke leƙo mu.

Malam Nafi'u, Agege:
To Hajiya kin kawo ni inda nake so. Littafin da ke kulle a akwatin roba kamar garin tuwo, ina alfarmarsa? An saye shi don a gani a taɓa.

Maryam, Yaba:
Malam, ai ba kowane gida ne sai akwati ba. Bene na biyu mai iska a Ikeja daban da ɗakin ƙasa a Ajegunle ko Lekki inda ruwa ke kwanciya. A gida mai iska kanta ta isa, in an kiyaye: kada ta jingina da bangon da ruwan sama ke duka ko wanda ke haɗe da banɗaki, a bar tazarar kamar santimita 10 a baya, layin ƙasa ya tashi daga daɓe aƙalla santimita 15, fanka tana juyawa. A guji katakon nan na garin itace, yana kumbura. Kada a cusa littattafai har sai an ja da ƙarfi, kuma a riƙa kamawa ta tsakiyar baya, ba a sa yatsa a sama a fizgo ba. Kwalin zurawa kuwa yana tare ƙura da haske, amma yana ɓoye fumfuna, sai a riƙa zaro littafin duk wata a buɗe shi. Littafin da ake buɗewa ya fi wanda aka manta lafiya, shi ya sa ban ga hikimar sayen biyu ba, ɗaya na karatu ɗaya na kallo.

Injiniya Bashir, Ikeja:
In fumfunar ta riga ta kama fa? Mutane rana suke shanyawa.

Maryam, Yaba:
Rana tana lanƙwasa bango ta kashe launi. Inuwa mai iska, a waje, a tsayar da shi a buɗe gaban fanka. Sai ta bushe ta zama gari sannan a share da buroshi mai laushi, da takunkumi a hanci. In aka goga tana ɗanye shiga takarda take yi. Ɗigo-ɗigon nan masu ruwan ƙasa da ke fitowa a shafi ba sa fita, a haƙura da su, kada a kusanto da bilic. In ruwa ne ya jiƙa shi, kwana biyu kawai ake da su kafin fumfuna ta taso: a sa farar takarda marar rubutu duk bayan shafi 20 ana canzawa. Shafukan hoto masu sheƙi su ne abin tsoro, in suka bushe a manne sun zama katako, dole a raba su tun suna jiƙe. Ƙwari kuma, a sa littafin a leda a ɗaure sosai, firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili, mako guda, in an fitar kada a kwance sai ya kwana sanyin ya sake shi.

Malam Nafi'u, Agege:
Firizar da za ta yi mako ba a ɗauke wuta ba. Allah ya nuna mana.

Alhaji Isa, Obalende:
Ina so in rushe wata hujja da masu saye ke fakewa da ita, wai jari ne. Bugun alfarma da aka buga dubbai ba ya ƙara daraja don ya tsufa. Abin da ke tashi shi ne wanda ya yi ƙaranci kuma ake nema. Things Fall Apart na Chinua Achebe, bugun farko da Heinemann ta yi a Landan a 1958, kwafi 2,000 ne, ba zinari ba fata, amma mai rigarsa ta takarda lafiya ya fi duk wani ƙawataccen bugu da aka yi daga baya. Rigar nan da yara ke yagewa ita ke ɗauke da mafi yawan kuɗin. Kuma ko kana da abin kirki, wa zai saya a nan? Kai shi wurin masu shimfiɗa a Yaba ko Ojuelegba ka ji tayi. Mai saye ya saya don so, ya daina kiran abin kasuwanci.

Hajiya Rabi, Surulere:
Wannan na yarda, Alhaji. Abin da ya fi damuna ma namu ne. Ruwan Bagaja tun 1934, Magana Jari Ce juzu'i uku daga 1937, ga littattafan marubutan Kano da suka cika kasuwa daga shekarun 1980 a siririyar takarda da waya a tsakiya. Wayar tana tsatsa ta ci takardar. Su ne suka fi bukatar bango na gari, kuma su ne ba a yi wa.

Baba Ɗanlami, Shomolu:
Ga abin takaici, Hajiya: fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme da bagaruwa, masu ɗaure littafi a Ingila sun daɗe suna sa ta a sahun gaba saboda ƙarko. Kakanninmu kuma da tadarishi, wato bangon fata da ake naɗe su a ciki, da gafaka suka riƙe littattafansu, warƙa-warƙa, ba gam ko ɗigo. Mai son ya ɗaure nasa, ya cire wayar da ta yi tsatsa, a ɗinke da zare ta cikin ninkin. Ya faɗa wa mai ɗaurin abu biyu tun kafin ya ajiye: kada a yanke baya, kada a datse gefe. Masu ɗaure kundin ɗalibai sun saba sa wa littafi wuƙar inji su huda ta gefe, daga nan ba ya ƙara buɗuwa sosai, rubutun kusa da baya ya shige. In kuwa tsohon bugu ne na farko, kada a taɓa bangonsa ko ya yage, a yi masa kwali daidai jikinsa.

Malam Nafi'u, Agege:
Baba, a kan namu na Hausa na sauko, a ɗinke su, ko nawa ne. Masu fentin gefe kuwa ina nan kan bakana. Injiniya, a samo mana na'urar auna laima guda uku, ɗaya Agege, ɗaya Surulere, ɗaya Ikeja, kowa ya riƙa turo abin da ta nuna safe da yamma daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Yuli.

Hajiya Rabi, Surulere:
A yi huɗu. Ta huɗun a cikin akwati za ta zauna.