"Kayan aro ba ya rufe katara": shin har da tsare-tsaren yaƙi da talauci?

Ɗalibi: Assalamu alaikum. A wata muhawara kan yadda ƙasashe masu tasowa ke ɗaukar darasi daga junansu wajen yaƙi da talauci, na ji wani ya kashe bakin kowa da cewa "kayan aro ba ya rufe katara", yana nufin duk tsarin da aka kwaso daga wata ƙasa ba zai yi ƙarko ba. Ina roƙon manya su warware mini, shin ya ajiye karin maganar a muhallinta?

Malam: Wa alaikumus salam. A ganina ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Aro abu ne da mai shi zai dawo ya karɓa, ilimi kuwa ba a mayar da shi. Meziko ta fara shirin Progresa a 1997, inda aka riƙa ba iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin 'ya'yansu su riƙa zuwa makaranta, a kuma riƙa kai su asibiti. Brazil ta haɗe shirye-shiryenta masu kama da wannan ta kafa Bolsa Família a 2003, Indonesiya kuma ta soma nata a 2007, kuma har yau babu wanda ya zo ya ce a maido masa da rigarsa. Inda karin maganar ta zauna daram shi ne shirin da ke tafiya da kuɗin masu ba da agaji kaɗai, wanda ranar da suka janye hannu ake garƙame ofishinsa.

Hajiya: Malam, Allah ya gafarta maka, rabin ma'anar ka kama. Katara ba ta fitowa don za a karɓe zanen, tana fitowa ne domin an yanka shi daidai jikin wata. M-Pesa, hanyar aika kuɗi ta wayar salula, ta samu karɓuwa a Kenya tun daga 2007, saboda jama'a da dama ba su da asusun banki alhali ma'aikatan birni suna bukatar aika kuɗi ƙauye. Da aka kai ta Afirka ta Kudu a 2010, inda bankuna suka riga suka kai ga mafi yawan mutane, ba ta yi kasuwa ba, har aka rufe ta a 2016. Haka ma sharaɗin kai yaro makaranta ba shi da amfani a inda ajin yake babu malami. Amma da ni ce a wurin muhawarar, da "kowa da kiwon da ya karɓe shi" zan kawo, domin akwai misalin da ya yi mata daidai har a lafazi. Ƙungiyar BRAC ta Bangladesh ta fito da wani tsari a 2002 na ba mafi talauci dabbar kiwo tare da horo da ɗan tallafin ci. An gwada shi a Habasha da Ghana da Honduras da Indiya da Pakistan da Peru, aka wallafa sakamakon a 2015. Riba ta zarce kuɗin da aka kashe a biyar, sai a Honduras, inda akasarin iyalai suka karɓi kaji, cuta ta bi ta kan kajin.

Dattijo: 'Yata, kin yanke wa karin maganar wutsiya, alhali a wutsiyar dafin yake: "maƙwabcin mai akuya ya sayi kura." Wannan ba yabon mai zaɓin kansa ba ne, ba'a ce ake yi wa wanda ya fake da cewa shi daban yake don ya aikata ɓarna. Shugabanni nawa ne suka ƙi gyara da hujjar wai ƙasarsu ba irin sauran ba ce? Ƙasar Sin da ake yawan kafa hujja da ita ba ta ƙi koyi ba. Jagoranta na lokacin, Deng Xiaoping, ya ziyarci Singapore a 1978 ya ga abin da ya gani, amma bai kwafo shi ɗungurungum ba. An fara gwadawa a yankuna kaɗan irin su Shenzhen a 1980, abin da ya yi kyau aka faɗaɗa shi. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci a can cikin shekara 40.

Malam: Baba ya yi gaskiya game da wutsiyar. Sai dai Hajiya, biyar cikin shida ai hujjata ce, ba taki ba.

Hajiya: Taka ce, Malam, in dai ba kajinka ne suka mutu ba.