Kwana uku a Alƙahira tare da dattijuwa: ina za mu fara?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Zan raka mahaifiyata ganin likita a Alƙahira, kuma akwai ratar kwana uku tsakanin gwaji da komawa asibiti. Hajiya tana son ganin Azhar da tsofaffin masallatai, ni kuma ina son ganin dala da gawar Fir'auna. Tana fama da gwiwa, ba ta doguwar tafiya. Don Allah masu sanin garin, yaya za mu tsara kwanakin?

Ɗan Kurmi:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Cunkoson motoci ne ke cinye wa baƙo yini a garin nan, 'yar'uwa, don haka kowace rana ki zaɓi shiyya ɗaya ki tsaya a cikinta.

Ranar dala ku fita bayan asuba kaɗan, ku isa Giza daidai lokacin buɗewa, kafin rana ta take. Filin rairayi ne, inuwa sai wadda kuka zo da ita, sai ku riƙe lema da ruwa. Tikitin shiga fili daban, na shiga cikin babbar dalar Fir'auna Khufu daban. Kada ki saya wa Hajiya na biyun. Hanyar ciki matsattsiya ce, hawa ake yi a duƙe, ga zafi ga ƙarancin iska, kuma abin da ke ƙarshe ɗaki ne da akwatin dutse wanda ba komai a cikinsa. Girman abin daga waje ake ganinsa: asalin tsayinta ya haura mita 146, an gina ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce, kuma in kika tsaya a gindinta za ki ga duwatsun layin ƙasa sun kai miki ƙirji.

Masu raƙumi da keken doki su ne inda ake yawan samun rigima. Mutum zai faɗi kuɗi, sai an hau a ce ai wancan na hawa ne, sauka da nata farashin, ko a ce da dalar Amurka ake nufi ba fam ɗin Masar ba. Kafin a hau a tsayar da abu uku: nawa, da wane kuɗi, zuwa ina da dawowa. A biya bayan an sauka. Wanda ya miƙo miki ɗankwali ko ɗan gunki ya ce kyauta ne, kada ki karɓa. "La, shukran", wato "a'a, na gode", ba tare da tsayawa ba ta wadatar.

Da azahar ku wuce zuwa sabon babban gidan tarihin da aka buɗe a hukumance a Nuwamban 2025, kamar kilomita 2 ne daga dalar. Can kayan Fir'auna Tutankhamun suke, sama da guda 5,000. Ki sayi tikiti ta intanet tun da wuri. Yawancin manyan wuraren tarihi yanzu da kati ake biya, ba sa karɓar tsaba, saboda haka ki tabbatar katinki yana aiki a ƙasar waje tun kina gida.

Almajirin Azhar:
Abin da Ɗan Kurmi ya faɗa haka yake, sai dai ni da ranar masallatai zan fara, tunda ita ce burin Hajiya, kuma ƙarfin dattijo a ranar farko yake.

Ku sauka a Azhar da hantsi. Sarakunan daular Fatimiyawa suka fara gina shi a 970, kuma a ƙarnonin baya yana da ɓangaren kwanan ɗalibai da ake kira ruwaƙin Barnawa, na mutanenmu masu zuwa karatu. Tsallaken titi masallacin Husaini ne, kasuwar Khan Khalili na manne da shi. Tsallakawar ta hanyar ƙarƙashin ƙasa ce mai matakala, don haka a bi da Hajiya a hankali. Daga nan titin Mu'izz ya miƙe, kusan kilomita 1 daga ƙofar gari ta Babul Futuh zuwa ta Bab Zuwaila. Ba sai kun ƙure shi ba, ku tsaya a ginin Sarki Ƙalawun na 1285, wanda ya haɗa makaranta da asibiti da hubbare. A kasuwa kada ki yi ciniki kina shafa kayan, mai shago ya ga kin ƙwallafa rai farashi ba zai sauko ba. Ki taya ƙasa da rabin abin da ya yanka, in ya ƙi ki juya.

In da sauran ƙarfi bayan la'asar, mota ta kai ku masallacin Sultan Hasan, wanda aka fara a 1356, mai makarantu huɗu na mazhabobi huɗu, har da ta Malikiyya. Masallacin Ibn Tulun na 879 bai da nisa, ba hayaniya, Hajiya za ta samu wurin zama ta huta, ke kuma ki hau hasumiyarsa da matakalarta ke zagaye ta waje. Hubbaren Imam Shafi'i yana maƙabartar Ƙarafa, kudu da nan. A yankin ne aka binne Imam Suyuɗi, ɗaya daga masu Jalalainin da ake karanta mana da azumi, wanda ya taɓa rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Ayyukan tituna sun sauya hanyoyin wajen, sai da direban da ya san wurin.

Ku guji ranar Juma'a da rana a Azhar da Husaini, turereniyar ba ta mai ciwon gwiwa ba ce. Ku riƙe leda ta zuba takalma, da 'yan canji na masu tsaron ƙofa.

Mai Shayi:
Ƙari ɗaya mai muhimmanci, tunda kina son ganin gawar Fir'auna: gawawwakin fir'aunonin ba sa tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, da yawa nan suke zuwa su yi asarar yini. Tun Afrilun 2021 aka kwashe guda 22 zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke unguwar Fusɗaɗ, har da ta Ramsis na Biyu. Ba a ɗaukar hoto a zaurensu. Jagora zai iya nuna miki ɗaya ya rantse ita ce ta Fir'aunan Annabi Musa, amma masana ba su tsaya a kan ɗaya ba, ki ji kawai. Wurin bai da girma sosai, awa biyu sun isa. Masallacin Amru bin Asi, na farko a Masar, wanda aka kafa a 642, yana kusa, ki haɗa su rana ta uku. Da yamma ku hau faluka a Nilu, kwalekwale ne mai tafiya da iska, da awa ake biya, a daidaita tun a bakin ruwa.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To batun zirga-zirga fa, jirgin ƙasa ko tasi?

Ɗan Kurmi:
Da Hajiya, Uber ya fi, don farashi a rubuce yake. Matsalar ita ce lambar mota da haruffa da alƙaluman Larabci take, ki koyi ١ zuwa ٩ in ba ki riƙe su ba, kada ku shiga motar wani. Jirgin ƙasan cikin gari, wato Metro, yana da arha, da taragon mata zalla a tsakiya, tashar Mar Girgis ce ta masallacin Amru, amma matakala sun yi yawa, kuma tashar Giza tana da nisa da dala, sai an sake hawa mota.

Sauran ƙananan abubuwa: katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo. Magungunan Hajiya su zo a kwalinsu da takardar likita, don suna da tsanani kan irin su tramadol. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga sai da adafta. Kada ki ɗauki hoton 'yan sanda ko sojoji. Ruwan gora za ku sha. Abinci kuma ku gwada koshari, shinkafa ce da taliya da adas da soyayyar albasa, amma a ce kada a zuba wa Hajiya shatta, yajin ne, sai likita ya ga sakamakon gwajin.