Neman kalma: me za mu kira "kwantirola" ta sola?

Jama'a, ga wata kalma da ta tsaya mini a maƙogwaro. Ƙaramin akwatin nan da ake sakawa tsakanin fanel ɗin sola da batir, wanda Turawa ke ce wa charge controller, me sunansa da Hausa? Masu shagunan kayan wuta a Sabon Gari sun daɗe da yanke hukunci, kwantirola suke cewa. Ba aro nake ƙi ba, ai batir da caji da inbata duk baƙi ne kuma sun zauna daram. Ita dai wannan ta riga ta yi miji. Ka ce wa dattijo ka sayi kwantirola, sai ya zaci wani babba ka saye a Kwastam.

Ga aikinsa, don kada mu raɗa wa jaririn da ba mu gani ba suna. In rana ta take, fanel turo wuta kawai yake yi, bai san batir ya ƙoshi ba. Akwatin ne ke barin batir na ruwa mai bolt 12 ya hau zuwa wajen 14.4, sannan ya sassauta masa ya riƙe shi a kusan 13.6. Da dare kuma ya tare wutar batir kada ta koma ta fanel.

Wani ya kawo "ma'aunin caji". Na ce a'a. Mudu yana faɗa maka yawan hatsi, amma ba ya riƙe hannun mai zubawa.

"Mai gadin batir" ya fi samun magoya baya, ni ma da farko na yi na'am da shi. Abin da ya sa na janye, wani maƙwabcinmu ne. Yana da fanel biyu masu wat 300 da ƙaramin akwati mai amfiya 30, komai lafiya lau. Da kuɗi suka shigo ya ƙaro fanel biyu, bai taɓa akwatin ba. Hujjarsa? Batir ɗin nan dai su ne, mai gadinsu kuma yana nan. Kowane fanel yana iya turo kusan amfiya 9, huɗu sun zama 36, akwati ya yi ta zafi har ya ƙone. Sunan da ke juya hankalin mutum ga batir kaɗai zai ci gaba da jawo irin wannan asarar.

Shi ya sa nake cewa "linzamin caji". Duk wanda ya taɓa ganin hawan sallah ya san da doki ake gwada linzami. Dokin a nan fanel ne. In ka ƙara doki ƙarfi, dole ka duba abin da ke bakinsa. Kuma karin maganarmu ta riga ta tanadi ɗaya gefen, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza: mai fanel ɗaya da ƙwai uku da fanka ba ya buƙatar akwatin amfiya 80, komai daɗin bakin mai shago.

Lissafin ma yana bin sunan. Akwatin iri biyu ne, MPPT da PWM, zan faɗi bambancinsu a ƙarshe. In akwatin MPPT ne, ka tara wat na fanel ka raba da bolt na batir. Wat 1,200 a kan bolt 24 ya ba ka amfiya 50. Ka ƙara rubu'i don sarari, ka tashi a 62 da ɗoriya, wato mai 60 da ƙyar ya ishe ka, mai 80 ya fi kwanciyar hankali. Fanel ɗin nan dai, in batir huɗu ka jera suka ba da bolt 48, amfiya 25 ce kawai, mai 40 ya wadatar har da saura. In PWM ne, ka duba lambar Isc a bayan fanel, wato amfiya mafi yawa da yake iya turowa, ka ninka da yawan waɗanda aka haɗa gefe da gefe, ka ƙara rubu'in.

Akwai kuma lambar Voc, wato bolt ɗin da fanel ke bayarwa in ba a haɗa shi da komai ba, wadda ta fi kashe akwati shiru. Fanel uku masu bolt 45 a jere sun kai 135, akwatin da aka rubuta wa 100 ba zai ɗauka ba. Sanyi kuma ƙara bolt ɗin fanel yake yi, don haka safiyar hunturu ce ke tona asirin wanda ya yi lissafi ƙiri-ƙiri a bakin iyaka.

Wani dattijo mai haɗa sola ya ja ni, ya ce yaro, ai ka manta da batir gaba ɗaya. Gaskiyarka Baba, na karɓa. Batir na ruwa mai 220Ah, wato yawan wutar da yake iya ajiyewa, ya fi son a ba shi wajen kashi ɗaya cikin goma na wannan lambar, amfiya 22 ke nan, kuma in ka ɗura masa 50 zai yi zafi ya riƙa shanye ruwansa. Amma ai rage gudu ma aikin linzami ne, mai gadi tsayuwa kawai ya iya a ƙofa.

To, na tsaya a kan linzamin caji. Na gwada shi a baki: "Ba ni linzamin caji mai amfiya 60." Bai yi nauyi ba, jam'insa linzaman caji.

Saura rabe-raben biyu. MPPT yana karɓar rarar bolt ya mayar da ita amfiya, kamar mai fasa maka dubu ya ba ka 'yan ɗari-ɗari, don haka na ce "linzami ɗan canji". PWM kuwa janyo bolt ɗin fanel yake yi ƙasa zuwa na batir, rarar ta tafi a banza. Wani ya ce a kira shi "ba canji". Na yi dariya, amma har yanzu ba wanda ya kawo wanda ya fi shi.