Tsofaffin takardun naira da sefa: yaya zan gane shekarunsu, kuma yaya zan adana su?

Bello_Mabera:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga abin da ya shigo hannuna wannan makon, na sa hotunansu gaba da baya: naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay guda biyu, naira biyar ta takarda mai Tafawa Ɓalewa, Murtala ɗaya ta takarda, naira ɗari ta bikin cikar Najeriya shekara ɗari, da jaka ɗaya ta sefa, wato takardar sefa dubu.

Na duba ko'ina a jikin naira ɗayan da biyar ɗin da Murtalar ban ga shekara ba, to ta ina ake gane lokacin da aka buga su? Sannan Murtalar tana da ninki a tsakiya, kusurwa ɗaya ta naɗe. An ba ni shawarar in goge ta da dutsen guga in kai a yi mata lamineshan. Ya kuka gani? Wacce ce kuma a cikinsu ta fi daraja?

Malam Na-Kanwuri:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba idonka ne ya gaza ba, shekarar ce babu. Tun daga ranar 1 ga Janairun 1973 da anka bar fam da sule anka koma naira da kwabo, ba a rubuta shekara a jikin takardun. Sai wajen 1999 zuwa 2001 anka fara. Don haka abu uku ake dubawa: zane, launi, da sa hannu.

Zane shi ke ba ka iyaka ta farko. Takardun 1973 ba su da hoton mutum a gabansu, ginin Babban Banki ne a wurin. Murtala ce ta fara ɗaukar hoton ɗan ƙasa, a Fabrairun 1977, shekara ɗaya bayan kashe shi. Macaulay da Ɓalewa da Alvan Ikoku sun hau naira ɗaya da biyar da goma a Yulin 1979. Ita naira ɗaya an mayar da ita ƙarfe a 1991, tare da sule biyar, wato kwabo hamsin. Ka ga ke nan takardunka biyu na naira ɗaya tsakanin 1979 da 1991 anka buga su.

Launi shi ke raba maka wannan zamanin biyu. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canza launin duk takardun in ban da sule biyar, don kashe kuɗin da anka fitar waje da wanda anka ɓoye. Zanen bai canza ba, launin kawai. Daga nan ne naira biyar ta koma shunayya, naira goma ta koma ja. Biyar ɗinka shunayya ce a hoton, to ta bayan canjin ce.

Sa hannu kuwa shi ne ainihin aikin. Kowace takarda tana da biyu: na Gwamnan Babban Banki da na daraktan da ke kula da kuɗi. Ka haddace gwamnonin. Clement Isong ya riƙe har 1975, Adamu Ciroma 1975 zuwa 1977, Ola Vincent 1977 zuwa 1982, Abdulƙadir Ahmed 1982 zuwa 1993, Paul Ogwuma 1993 zuwa 1999, Joseph Sanusi 1999 zuwa 2004, sai Soludo. A kan naira ɗaya mai Macaulay ba za ka ga kowa ba sai Vincent ko Abdulƙadir Ahmed. In Vincent ne, ba ta wuce 1982 ba. In Abdulƙadir ne, sai ka koma ga launi, don shi kaɗai ne sa hannunsa ya hau tsohon launi da sabo. Shekara goma sha ɗaya ya yi a kujerar, daraktoci sun canza a ƙarƙashinsa, har sunan muƙamin da ke ƙasan sa hannu na biyu ya canza. Shi ya sa takarda biyu masu kama ɗaya za su iya zama iri biyu a wajen mai tarawa. Jera naka biyun ka gwada sa hannun na biyu.

Ita ɗarin, duba shekarar da ke jikinta. An ci gaba da buga zanen bikin bayan 2014 da ya fara fitowa, don haka ba duk mai wannan zanen ce ta fitowar farko ba. A kanta ne anka cire ajami daga naira ɗari, bayan an cire shi daga biyar zuwa hamsin a 2007. Yanzu ɗari biyu ta Sardauna da ɗari biyar da dubu kaɗai sunka rage da shi. Ni a ganina duk mai tarawa a ƙasar nan ya kamata ya haɗa jerin masu ajami tun suna samuwa.

Hajiya Arkilla:

Malam ya gama da tarihi. Ni batun guga ne ya tsaya mini. Ɗana, kada ka kuskura. Ninki karyewar zaren auduga ne a cikin takardar, guga ba ta ɗinke shi, sai dai ta kwantar da shi. Abin da take yi kuma shi ne ta daddanne tawadar nan mai tudu da kake ji da yatsa a kan hoto da manyan rubutu, takardar ta yi sulɓi da ƙyallin da ba nata ba. Wanda ya san aiki zai kwantar da tocila a gefenta ya ga layin ninkin yana nan, sai ya rage mata daraja sau biyu, na ninki da na guga. Kuɗin leda kuwa, irin biyar zuwa hamsin na yanzu, da sun ji zafi ƙanƙancewa suke yi nan take.

Lamineshan ya fi guga muni. Gam ɗin yana narkewa ya shiga cikin takardar, ba a ɓare shi sai da fuskar kuɗin. Takardar da aka yi wa lamineshan ta tashi daga aiki.

Kusurwar da ta naɗe, wanke hannu ka busar, ka ɗaga ta a hankali da gefen wata takarda mai kauri, ka sa kuɗin tsakanin fararen takardu biyu marasa rubutu, ka ɗora littattafai masu nauyi na mako ɗaya ko biyu. Iyakar gyaran da aka yarda da shi ke nan. Ban da jarida, tawadarta tana kamawa.

Wajen ajiya, kowace takarda da rigarta ta leda. A nan mutane suka fi yin asara, don yawancin kundin hotuna na kasuwa da leda mai laushi ta PVC aka yi su. Man da ke sa ta laushi yana tsattsafowa, zafi kuma yana hanzarta shi, mu kuwa a nan watan Afrilu ya kan haura digiri 40. Bayan 'yan shekaru sai ka ga takardar ta yi maiƙo, tawadar ta manne a ledar. Ka nemi irin ledar da ake kira PET ko PP. In akwai alamar nan mai kusurwa uku a jiki, lamba 1 ita ce PET, 5 ita ce PP, 3 ita ce PVC. In babu alama, sansana: mai warin sabuwar tabarmar roba, mai santsin mai a hannu, bar ta. Rigar ta fi takardar girma da kamar rabin santimita ta kowane gefe, don kada baki ya karye wajen sakawa.

Yanayinmu fuska biyu gare shi. Da hunturu iska ta bushe ƙayau, takarda ta yi ƙarau tana saurin tsagewa, ga ƙura tana goge ta kamar yashi. Da damina, musamman Agusta, danshi ya kawo funfuna da ɗigo-ɗigon nan masu launin tsatsa. Abin da ake so danshi ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. Akwatin roba mai murfi mai kamawa ya isa, a ɗakin da ya fi sanyi, ba kusa da rufin kwano ba, ba jingine da bangon waje ba, kuma sama da ƙasa saboda gara. Da damina ka jefa ƙunshi uku ko huɗu na ƙwayoyin tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi, da hunturu ka cire su. Ban da robar ɗaure kuɗi, tana narkewa ta bar baƙin layi. Ban da fil da salatif. Kada ka sa turare ko kafur a akwatin.

Ɗan Illela:

Sannunku da aiki Malam da Hajiya. Bari in taɓa sefar. Harafin da ke kusa da lambar takarda shi ke faɗin ƙasar da aka buga wa: H Nijar, A Kwaddibuwa, B Benin, C Burkina Faso, D Mali, K Senegal, T Togo, S Gini Bisau. Lambobi biyu na farko kuma su ne shekarar bugu, in ta fara da 19 to ta 2019 ce. Jakarka mai raƙuma a baya tana cikin jerin da ya fito a 2003, kuma har gobe ana kashe ta a Ƙonni, don haka darajarta ita ce abin da ɗan canji zai ba ka. Daɗin sefa shi ne haɗa haruffan takwas na takarda iri ɗaya. Ta nan gefen H da B ba sa wuya, S ce mai wahala.

Kan wacce ta fi daraja, gaskiya ɗaya ce: tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Naira ɗaya mai Macaulay an buga ta da yawa ƙwarai, gida nawa ne babu ita a ƙasan adaka? Lafiyar takarda ke yanke farashi. Sabuwa fil wadda ba ta taɓa ninkuwa ba, kusurwoyi huɗu a tsaye, ita ce sama. Mai ninki ɗaya mara ƙarfi tana biye. Ninki uku zuwa sama da dauɗa, ta zama ta gama-gari. Bayan lafiya sai lamba: ƙarama sosai kamar 000012, mai maimaita lamba ɗaya, ko wadda ake karantawa daidai ta gaba da ta baya. Akwai kuma takardun maye gurbi, waɗanda ake sakawa a madadin wadda ta lalace a wajen bugu. A tsofaffin naira an fi sanin su da haruffan DZ a farkon lamba. Duba naka.

Inda na ɗan saɓa da Malam shi ne a fara da jerin ajami gaba ɗaya. Ga sabon shiga ya yi faɗi. Gara ya ɗauki takarda ɗaya, misali ɗari biyu ta Sardauna daga 2000 zuwa sabon launin 2022, ya bi ta shekara-shekara da sa hannu. Mai araha ce, ana samun ta a hannu, kuma a nan ido ke koyon aiki.

Bello_Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An fasa guga. Saura ɗaya: in zan karɓi wata, yaya zan gane jabu ko wadda aka wanke?

Malam Na-Kanwuri:

Ɗaga ta ga haske. A waɗannan tsofaffin za ka ga mikiya a cikin naman takardar, da zaren tsaro a tsaye. Hoton mikiya na gaskiya yana da duhu da haske a hankali, na jabu bugawa anka yi a sama, ana ganinsa ko ba a ɗaga ba. Sai madubin ƙara girma mai ninki goma: layukan fuskar hoto a ta gaskiya siraran layuka ne tsaf, a jabu ɗigo-ɗigo ne na injin buga takarda. Sai fitilar nan mai shuɗin haske ta tantance kuɗi. Takardar kuɗi ba ta ƙyalli gaba ɗayanta a ƙarƙashinta, takardar ofis kuwa fari fat take haskawa. Wadda anka wanke da omo ita ma tana haskawa dabbare-dabbare, ga laushi kamar tsumma, ba ta ƙara in ka kaɗa ta.

Ka kuma san doka. Sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana liƙi, da rubutu a kan naira, da tallanta ko sayar da ita, hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira dubu hamsin ba, ko duka biyu. Don haka sababbin da ake kashewa yanzu, ka samo su ta banki a kan darajarsu, kada ka saya wajen masu sayar da rafa a gidan biki. Bayanin kowace takarda, ranar da ka same ta da sa hannun da ke kanta, ka rubuta a ƙaramar takarda ka liƙa a bayan rigar, ba a jikin kuɗin ba, ko da fensir ne.