Me talabijin ta shigo da shi gidanku? 'Yan Zazzau, mu ji daga bakinku

Maman Khadija, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Daren jiya aka ɗauke wuta, na tara yarana a tsakar gida na ce, "Ga ta nan ga ta nanku." Shiru. Babu wanda ya san ana amsawa da "Ta zo mu ji ta." 'Yata mai shekara bakwai ba ta taɓa jin sunan Gizo da Ƙoƙi ba, amma ta haddace sunayen 'yan katun na Amurka, har muryarsu take kwaikwayo. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa a gidansu, ba abin da ya ji ana faɗa ba.

Dattijon Kwarbai:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ni na ga shigowarta. Ibadan ce ta fara buɗe tasha a 1959, Kaduna ta samu tata a 1962, amma unguwarmu ba ta ga akwatin ba sai bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, da wani ma'aikaci ya sayo mai baƙi da fari. Da yamma ake buɗe tasha, a rufe da dare da taken ƙasa. Mukan cika zaurensa, wasu ta taga suke leƙe. Akwai fim ɗin kaboyi, akwai kokawar Turawa, amma abin da muke ƙirga wa kwanaki shi ne Samanja, da wasannin marigayi Kasimu Yero, ɗan garin nan namu. A 1977 aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA. Abin da na lura da shi tun wancan lokacin, duk daren da akwatin ke kunne, dandali ba kowa. 'Yan mata suka rage gaɗa, samari suka rage langa. Ba wanda ya hana su, wurin zama ne kawai ya sauya.

Mai gidan kallo, Sabon Gari:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni da ƙwallon Ingila nake ciyar da iyalina, ba zan ɓoye ba. Ranar Asabar janareta ba ya hutawa. Yaro zai lissafa maka 'yan wasan Arsenal har da na benci, ka tambaye shi Ranchers Bees ta Kaduna ya tsaya yana kallonka. Ranar da ta fi ɓata mini rai, wasu samari biyu 'yan layi ɗaya, tare suka yi makarantar allo, suka fasa wa juna baki a kan kulob biyu na garin da ba su taɓa takawa ba. Tun daga ranar nake ware dare ɗaya ina nuna dambe. Mutane na zuwa, ko da ba su kai na ƙwallo ba.

Ɗalibar aikin jarida, Samaru:
A aji ana kiran irin wannan abin da sunan mulkin mallaka ta hanyar al'ada. Herbert Schiller, Ba'amurke, na cikin waɗanda suka fi yin rubutu a kai. A 1974 UNESCO ta fitar da bincike da ya nuna shirye-shiryen talabijin hanya ɗaya suke bi, daga ƙasashe ƙalilan, Amurka a kan gaba, zuwa sauran duniya. Dalilin kuɗi ne. Shirin da ya riga ya mayar da jarinsa a ƙasarsa, da araha ake sayar mana, ya fi sauƙi a kan ka tara 'yan wasa ka shirya naka. Amma Mama, a gidanmu ba Amurka ce ke mulki ba. Indiya ce, sai Turkiyya da Koriya. Kakata ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma ba ta barin fassarar Indiya ta wuce ta.

Tela a Gyallesu:
Ni a kan keke nake ganin abin. Amarya za ta zo da hoto a waya, ta ce irin na matar cikin shirin nan take so. Yanzu a biki har rana ake warewa ta shigar Indiya, wata ta shigar Larabawa, kamu kuma a yi shi a gurguje. Bana sau biyu kawai aka kawo mini saƙi.

Malamin sakandare, Kongo:
Ku yi mini uzuri, ban yarda duk asara ba ce. A 1991 a gidan wani maƙwabci mai dish na kalli yaƙin Tekun Fasha ta CNN, ranar na fara sha'awar labarin ƙasa, shi nake koyarwa yau. Mahaifiyata har ta rasu ba ta je Makka ba, amma ta bi tarawihin Harami kai tsaye tana hawaye. Kuma tun da Arewa24 ta buɗe a 2014, tauraron da ke kawo mana nasu shi ke kai Hausarmu Nijar da Gana. Damuwata ɗaya ce: na yara. Manya suna da fim da labarai da wa'azi da Hausa, yaro kuwa in ya ɗauki rimot, da ƙyar ya tarar da katun da harshensa.

Maman Khadija, Tudun Wada:
Malam, nan ne ciwon yake. Kuma ni ma da na fara tatsuniyar jiya, a tsakiya ta kakare mini, na manta yadda Gizo ya ƙare da hankaka. Baba, ko za a samu wadda ta riƙe su a gidanku?

Dattijon Kwarbai:
Akwai ƙanwata, tana da su da yawa har da waƙoƙinsu. Ki kawo yaran ranar Juma'a bayan la'asar, ki zo da wayarki ki naɗa.